Harkar banki a Jamus ga wanda Turanci kawai yake ji: tambayoyi da amsoshi

Da zarar Satumba ta kama, lokacin da sababbin ɗalibai da ma'aikata ke sauka Jamus, wayata ba ta hutawa. Daga Kano, daga Damagaram, daga zangon Kumasi, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu kan kuɗi suke. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Alƙaluman da na kawo na shekarar 2025 ne, kuma hukuma kan sauya wasunsu duk shekara. Na bar kalmomin Jamusanci yadda suke, domin su ne za ka gani a kan takarda, su ne kuma ma'aikacin banki zai faɗa maka.

Ba na jin Jamusanci ko "zo in kashe ka". Zan iya buɗe asusu da Turanci?

Za ka iya. Akwai bankunan da a waya kawai suke aiki, ba su da reshe, irin su N26 mai hedikwata a Berlin, da Revolut, da bunq na ƙasar Holan. Daga buɗe asusu har zuwa kai ƙorafi, komai nasu da Turanci ake yi. Manyan bankuna masu rassa irin su Commerzbank da Deutsche Bank su ma manhajarsu tana da Turanci, kuma a manyan birane da wuya ka rasa ma'aikacin da zai saurare ka da shi. Sai Sparkasse, mai jan tambari, wadda za ka gani a kowane lungu. Ita ba banki ɗaya ba ce: sun haura 300, kowace da yankinta da kuɗin hidimarta, don haka abin da abokinka na Hamburg ya gaya maka ba lalle ya yi aiki a Leipzig ba.

Sai dai ka riƙe wannan tun yanzu. Turancin manhaja sauƙi ne aka yi maka. Wasiƙar ofishin haraji, da ta mai gidan haya, da ta kamfanin lantarki, da ta masu karɓar bashi, duk da Jamusanci za su zo, domin shi ne harshen hukuma. A bankuna da yawa ma, idan an ba ka fassarar yarjejeniya da Turanci, za ka ga an rubuta cewa ta Jamusancin ce abin dogaro in rigima ta taso.

Na sauka jiya. Da me zan fara?

Da rajistar adireshi, wato Anmeldung, a ofishin da ake kira Bürgeramt ko Einwohnermeldeamt. Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare. Za ka je da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai a gidansa kake, sunanta Wohnungsgeberbestätigung. Kada tsawon sunan ya tsorata ka, shafi ɗaya ce. Takardar da za su ba ka ita ce mabuɗin kusan komai, har da asusu a yawancin bankuna masu rassa. Bayan 'yan makonni lambar harajinka mai alƙaluma 11 za ta iso ta gidan waya. Ka kai wa wurin aikinka da wuri, in ba haka ba za a sa ka a ajin haraji na 6, wanda ya fi kowane yanka.

A fom ɗin akwai gurbin addini. Wanda ya rubuta cewa ɗan cocin Katolika ne ko na Furotesta da ke cikin tsarin, za a riƙa cire masa harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin 100 na harajin albashinsa, gwargwadon jihar da yake. Musulmi ba a cire masa.

Kafin ka bar gida zuwa ofishin, ka liƙa sunanka a jikin akwatin wasiƙa. A Jamus ɗan aiken gidan waya suna yake nema, ba lambar ɗaki ba. Na san wani yaro da ya yi wata guda yana zagin banki cewa sun ƙi aiko masa da kati, alhali sau biyu ana kawowa ana mayarwa, saboda sunan tsohon ɗan haya ne a jikin akwatin. Kuma ka rubuta sunan da ke gurbin sunan dangi a fasfonka, ba wanda ake kiranka da shi a unguwa ba. Katin da lambar sirrinsa a ambulan daban-daban suke zuwa, kwanaki a tsakani.

Mene ne asusun da ofishin jakadanci ke cewa sai na buɗe kafin a ba ni biza?

Sperrkonto, wato kullallen asusu. Ɗalibi zai zuba kuɗin da aka ƙiyasta zai ishe shi shekara, a kulle, a riƙa sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata. Tun Satumbar 2024 adadin Yuro 11,904 ne, wato 992 a wata. Kamfanoni irin su Fintiba da Expatrio suna buɗe shi ta intanet da Turanci tun kana gida. Amma ba a sayayya da shi. Sai ka iso ka buɗe asusun yau da kullum, Girokonto, ka ba su lambarsa, sannan kuɗin wata ya fara shigowa. Tsakanin saukarka da shigowar kuɗin farko ana iya ɗaukar makonni, don haka ka zo da guzurin da zai riƙe ka, har da kuɗin ajiyar haya. Wannan ajiya, Kaution, doka ta ce kada ta wuce kuɗin hayar wata 3 ba tare da na ɗumama ɗaki da sauran hidimomi ba, kuma kana da ikon biyanta a kashi uku.

An ƙi buɗe mini asusu. Don fasfona kore ne?

Wani lokaci fasfon ne, amma ba yadda kake zato ba. Bankunan waya suna tantance mutum ta kiran bidiyo: za a ce ka ɗaga fasfo, ka karkata shi hagu da dama har hasken tambarin ya fito. Kowane banki yana da jerin takardun da yake karɓa ta wannan hanya, wasu kuma sai sun ga katin izinin zama, wanda kan ɗauki watanni kafin ya fito. Ga kuma dokokin hana halasta kuɗin haram. Nijeriya ta shiga jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta fita ba sai Oktoban 2025, kuma irin wannan yakan sa bankuna su ƙara bincike.

In bidiyo ya ƙi, ka tambaya ko suna karɓar PostIdent, inda ma'aikacin gidan waya zai duba fasfonka ido da ido. In duk an rufe maka ƙofa, akwai hakkin da mutanenmu da yawa ba su san da shi ba. Tun 2016 doka ta wajabta wa duk bankin da ke buɗe wa jama'a asusu ya buɗe Basiskonto ga duk mai zama a Tarayyar Turai bisa ƙa'ida, har da masu neman mafaka da waɗanda ba su da tsayayyen adireshi. Ka nemi fom ɗinsa da sunansa. Bankin yana da ranakun aiki 10 ya buɗe ko ya ba ka dalili a rubuce, kuma kana iya kai ƙara wurin BaFin, hukumar da ke sa ido a kan bankuna. Ba kyauta ba ne, ba a kuma cin bashi da shi, amma albashi zai shiga, haya za ta fita.

Ina da kati, amma mai shago ya ce ba ya karɓar irinsa. Yaya ke nan?

Kati iri biyu ne ke yawo. Akwai Girocard, na cikin gida, wanda tsofaffi har yanzu ke kira EC-Karte, akwai kuma na Visa ko Mastercard da bankunan waya ke bayarwa. Wasu ƙananan shaguna da gidajen burodi da ofisoshin hukuma Girocard kawai suke karɓa. Wasu ma za ka ga an rubuta "Nur Bargeld" a ƙofa, wato tsaba kawai. Kada aljihunka ya rabu da Yuro 20 ko 30. Cire kuɗi a na'urar bankin da ba naka ba yana iya cin Yuro 5 ko fiye. Dabarar ita ce ka karɓa a wurin biyan kuɗi na manyan kantuna irin su Rewe ko dm bayan ka yi sayayya, yawanci har Yuro 200, ba caji.

Ka kula da yadda suke rubuta lamba. Inda muke sa waƙafi su ɗigo suke sawa: 1.250,00 na nufin Yuro dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin.

Na ga an cire kuɗi daga asusuna ban tura ba. Sata aka yi mini?

Da wuya. Hanya uku ce kuɗi ke fita. Überweisung shi ne ka tura da kanka zuwa lambar IBAN, wadda a Jamus take farawa da DE, haruffa da lambobi 22. Dauerauftrag umarni ne da ka ba banki ya riƙa tura adadi kaza duk wata, kamar haya. Na uku, Lastschrift, shi ne ke ruɗa baƙo: ka sa hannu kamfani ya riƙa zarar kuɗinsa da kansa. Haka ake biyan layin waya, da lantarki, da inshorar lafiya, wadda ta ɗalibi ta kai wajen Yuro 140 a wata. In an cire abin da ba ka yarda da shi ba, kana da mako 8 ka dawo da kuɗinka ba tare da ba da dalili ba, sau da yawa da latsa maɓalli ɗaya a manhaja. In ba ka taɓa ba da izini ba sam, wata 13 ne. Amma dawo da kuɗi ba ya kashe bashi idan da gaske ana bin ka. Kuma in ranar cira ta zo asusu babu komai, kuɗin zai koma, a ɗora maka caji.

Wasiƙu sun yi mini yawa, duk da Jamusanci. Wanne zan damu da shi?

Duka, har sai ka san abin da ke ciki. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, ni ma na faɗa. A shekarata ta farko wani saurayi mai fara'a ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya yi mini bayanin layin intanet da Turanci mai daɗi, na sa hannu a kan na'urarsa. Daga baya na ga ba na buƙata, na kira na faɗa da baki, na ɗauka magana ta ƙare. Wasiƙu suka riƙa zuwa ina jera su a kan firiji, ina cewa sai na sami mai karanta mini. Ranar da wata maƙwabciyata, dattijuwa, ta zo ta sa tabarau ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin kicin, sai ta dube ni ta girgiza kai. Ta farko lissafi ce, ta biyu da ta uku tunatarwa, ta huɗu daga kamfanin karɓar bashi take, kuɗin ya kusa ninkawa. Da na soke a rubuce cikin kwana 14, kamar yadda doka ta ba duk wanda ya ƙulla ciniki a bakin ƙofa ko ta intanet dama, da ko sisi ban biya ba.

Ka haddace kalmomi biyar. Rechnung, takardar biyan kuɗi. Mahnung, gargaɗin cewa ka makara. Frist, wa'adi, kuma ranar da ke gefenta ita ce abin dubawa. Inkasso, masu karɓar bashi. Kündigung, soke yarjejeniya. In ambulan rawaya ce, daga kotu ko wata hukuma take, an kuma rubuta ranar da aka kawo ta a jiki saboda daga ranar wa'adi ke fara ƙirguwa; ranar za ka nemi taimako, ba gobe ba. Sauran kuwa ka ɗauki hotonsu da manhajar fassara kafin ka cire takalmi.

Wata wasiƙa da za ta zo wa kowa bayan rajista ita ce ta kuɗin rediyo da talabijin, Rundfunkbeitrag. Ba damfara ba ce. Yuro 18.36 ne a wata a kan kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da shi. In kuna zaune ku huɗu a gida ɗaya, mutum ɗaya ne zai biya, sauran su ba da lambarsa, ku raba a tsakaninku.

Mai gidan haya ya ce in kawo Schufa. Ina ake samunta?

Schufa kamfani ne mai zaman kansa a Wiesbaden da ke tara bayanan yadda mutane ke biyan bashi. Sabon zuwa ba shi da tarihi, wannan ba laifi ba ne. Abin da ke ɓata suna shi ne bashin da aka yi ta gargaɗi ba a biya ba, kuma tabon kan ɗauki shekaru yana hana mutum gida da layin waya. Takardar da ake nuna wa mai gida ana sayenta kusan Yuro 30 ta intanet. Akwai kuma kwafin bayananka na kyauta, Datenkopie, don ka duba ko an rubuta maka abin da ba naka ba.

Ina gudun kuɗin ruwa. Akwai mafita?

Asusun yau da kullum galibi ba ya ba da kuɗin ruwa, don haka ta nan da sauƙi. Tarkon shi ne Dispo: da zarar albashi ya fara shiga, banki na iya ba ka damar cin fiye da abin da ke asusunka, a kan ruwan da yakan haura kashi 10 cikin 100 a shekara. Ka ce a mayar da shi sifili. Haka katin bashi da sayayyar "biya daga baya". Akwai bankin Musulunci, KT Bank, reshen Kuveyt Türk na Turkiyya, wanda ya fara aiki a 2015 da hedikwata a Frankfurt. Rassansa kaɗan ne, don haka ka duba ko hidimarsa ta intanet za ta wadatar da kai.

In banki ya durƙushe fa?

Doka ta lamunce ajiyar kowane mutum har Yuro 100,000 a kowane banki mai lasisi a Tarayyar Turai. Kamfanonin tura kuɗi irin su Wise ba bankuna ba ne, tsarin kare kuɗinsu daban ne. Ka yi aike da su, kada ka mayar da su rumbu.

Wace hanya ta fi sauƙin aika kuɗi gida?

Tura kuɗi kai tsaye daga bankin Jamus zuwa Afirka ya fi kowace hanya tsada. Mutane sun fi amfani da Wise, Remitly, WorldRemit, Taptap Send, ko Western Union da MoneyGram da Ria ga wanda za a miƙa wa a hannu. Kada "babu caji" ya ruɗe ka, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar tana cikin farashin canji. Ka buɗe manhaja biyu ko uku a lokaci ɗaya, ka rubuta Yuro 100, ka ga nawa zai isa hannun Inna. Wannan lambar kawai za ka kwatanta.

Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi sun huta da wannan lissafi, domin sefa a ɗaure take da Yuro: sefa 655.957 ne, wato kusan 656, a kan kowane Yuro ɗaya. Duk abin da aka ba ka ƙasa da haka, ka san ladan kamfani ne. Na Nijeriya kuwa, tun farkon 2024 Babban Banki ya umarci kamfanonin aike su riƙa biya da Naira. A Mayun 2025 kuma aka ƙaddamar da hanyar da mazauna waje za su yi BVN, lambar tantancewa ta bankunan Nijeriya, ta intanet ba sai sun je gida ba.

Akwai wani Alhaji a nan da ake ba Yuro, ɗan'uwansa ya biya Naira a gida. Farashinsa ya fi kyau. Da matsala?

Da matsala. A gida wannan amana ce ta 'yan kasuwa tun kaka da kakanni, amma a Jamus yin sana'ar aika kuɗi ba da lasisin BaFin ba laifi ne da ake ɗauri a kansa, kuma ranar da aka kama shi kuɗinka na cikin abin da za a ƙwace, ba ka da rasit.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne aron asusu. Wani zai ce maka, "Ɗan'uwa, nawa ya sami matsala, za a turo kuɗi naka, ka cire ka ba ni, ga ɗan na goro." Kuɗin damfara ne ake wankewa, kuma sunan da ɗan sanda zai gani naka ne. Za a rufe asusun, a tuhume ka, wanda aka damfara ya bi ka kuɗinsa, maganar kuma tana iya kaiwa ofishin da ke sabunta maka izinin zama. Ko tare kuke sallar Juma'a, ka ce a'a.

Muna adashe. Zan iya zuba kwasata a banki?

Za ka iya, amma tsabar da ta haura Yuro 10,000 sai ka nuna inda ta fito, kuma banki na iya tambaya ko ba ta kai haka ba. Gara ku riƙa zubi ta asusu, kowa ya rubuta dalili, uwar adashe ta ajiye jerin sunaye. Haka in za ka shiga ko fita Tarayyar Turai da Yuro 10,000 ko fiye a jaka, dole ka sanar da kwastan.

Gaskiya ne ana rage wa mutum haraji saboda kuɗin da yake aika wa iyaye?

Gaskiya ne, da sharuɗɗa masu tsauri. Sai waɗanda dokar Jamus ta ɗora maka ciyar da su, kamar iyaye da kakanni. Ƙanne da 'yan'uwa ba sa ciki. Sai an cike fom da ke nuna suna da buƙata, hukumar garinsu ta buga hatimi. Ga ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar, rubu'in adadin da aka yarda da shi a cikin Jamus ake lissafawa. Daga 2025 kuma sai kuɗin da ya shiga asusun mutumin ta banki. Wanda ka ba matafiyi ya kai ba ya cikin lissafi. Shafin hukuma na cike haraji, ELSTER, da Jamusanci yake, amma manhajoji irin su Taxfix da Wundertax da SteuerGo suna yi da Turanci a kan 'yan kuɗi. Wanda ba dole ba ne ya cike yana da shekara 4 ya nemi rarar da aka cire masa.

Katina ya ɓace.

Ka kulle shi a manhaja nan take, ko ka kira 116 116, dare ko rana. In sace shi aka yi, ka kai rahoto wurin 'yan sanda. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Wa zai yi mini bayani da Turanci ba tare da yana son sayar mini da wani abu ba?

Tambayar ta yi kyau, domin yawancin shafukan Turanci masu jera "bankunan da suka fi kyau" lada suke karɓa a kan duk wanda ya buɗe asusu ta hannunsu. Ka fara da Make it in Germany, na gwamnatin tarayya, da Handbook Germany. Dukansu suna da Turanci da Faransanci. Ɗalibi ya je ofishin ɗaliban waje na jami'arsa ko Studierendenwerk, hukumar kula da jin daɗin ɗalibai. In rigimar yarjejeniya ce, akwai Verbraucherzentrale, cibiyar kare masu sayayya, a kowace jiha. In bashi ya yi katutu, ƙungiyoyin agaji irin su Caritas da Diakonie da AWO suna ba da shawara kyauta, ba ruwansu da addininka. Ka je da wasiƙun duka, har da ambulan ɗinsu.

Zan koma gida. In rufe asusun kafin in tashi?

Kada ka yi gaggawa. Ka fara da soke rajistar adireshi, Abmeldung, domin da takardarta za ka soke kuɗin rediyo da inshora da layin waya. Asusun kuwa ka tambayi bankin ko zai bar maka shi na ɗan lokaci, saboda mai gida kan ɗauki watanni kafin ya dawo da kuɗin ajiya, ga lissafin ƙarshe na lantarki, ga rarar haraji. Ka tabbatar lambar wayar da ke karɓar saƙon tabbatarwa za ta ci gaba da aiki a gida. In ka yi aiki an cire maka kuɗin fansho, ɗan ƙasa irin Nijeriya ko Nijar ko Ghana da ya bar Turai yana iya neman a dawo masa da kason da aka cire daga albashinsa bayan wata 24, ta hannun hukumar fansho, Deutsche Rentenversicherung. Za su nemi lambar inshorar fanshonka, don haka takardar da ke ɗauke da ita ta shiga jakar hannu tare da fasfo.